Ta'aziyya Daga Wannan Gaɓar Gulbi

Labarin rasuwar Kwamanda ya same ni a zaurena, a Gazawa, ana tsakiyar damina. Ina zaune ne a kujerar da ban ƙara nisa da ita ba tun da ciwo ya shanye mini ƙafar hagu. Wani tsohon abokin aiki ne ya kira ni ta salula, ya ce an riga an yi jana'iza a ƙauyen marigayin, can wajen Gidan Sori, kuma za a yi zaman makoki na kwana uku.

Kwamanda shi ne ya koya mini tuƙin jirgi mai saukar ungulu a rundunar sojan sama, lokacin da na fito lakol, wato makaranta, ina jin babu abin da ya rage ban sani ba. Bagobiri ne gajere, marar hayaniya. Yana da wata al'ada da duk ɗalibansa muka sani. Muna can sama, hankali kwance, sai ya rage wa injin ƙarfi ba tare da sanarwa ba, ya naɗe hannuwansa, ya ce, "To, Bakatsine, ina za ka sauka?"

Ran da ya fara yi mini haka, na nuna masa wani fili kore shar, shimfiɗaɗɗe. Ya dube ni ta gefen ido.

"Gonar wani ce wannan. Iskar jirginka za ta kwantar mai da hatsin shekara. Kai za ka ciyar da iyalinsa?"

"Kwamanda, ai mutuwa muke gudu."

"Shi ma ita yake gudu, shi ya sa ya yi shuka. Nemi fako."

Fako, wato wurin nan mai tauri da ko ciyawa ba ta fitowa a kansa. Tun daga ranar idona ya koyi nemansa. Na ajiye aiki da daɗewa, amma har yau ko a mota nake, ina lura da kowane fako da muka wuce.

Na shaida wa 'yata, wadda take kula da ni, cewa zan tafi ta'aziyya.

"Baba, likita ya hana ka doguwar tafiya."

"Likita bai san Kwamanda ba."

"Kai ma ba ka san ƙafarka ba. Jiya wa ya ɗaga ka daga tabarma?"

Gaskiya ta faɗa. Muka yi ta ja har ranar ƙarshe ta zaman makokin ta zo. Da ta ga na daina cin abinci, sai ta roƙi mijinta ya kai ni. Na sa babbar rigata fara, na maƙala lambar girmana a ƙirji, domin ban yarda in je gidan malamina kamar wanda aka tsinto ba.

Muka wuce Maradi, muka bar babbar hanya, muka shiga ta yashi. Da hantsi muka iso bakin gulbi, muka tarar ya cika ya batse, ruwan ja wur, yana tafe da rassan itace. Amalanken shanu da babura sun yi cirko-cirko. Ƙauyen yana tsallake, kusa ƙwarai, har ina hango rumfar makoki da fararen riguna a ƙarƙashinta. Tazarar da a dā zan tsallake da jirgi kafin in gama bismilla.

Masu fito suna ƙetarar da mutane, kowa ya rungumi babban gora yana harba ƙafafu, su kuma suna jan sa. Surukina ya kira babbansu. Mutumin ya dubi sandata, ya dubi ƙafar, ya dubi lambar da ke ƙirjina.

"Alhaji, ruwan ga ba shi san soja ba. Wanda bai harba ƙahwa, ba mu ɗaukar shi."

"Ku ɗaure ni a goran."

"Mu ɗaure ka, mu kai musu gawa ta biyu? Makoki guda ya ishe su."

Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na tsaya dogare da sanda ina duban ruwan, ga rana tana tafiya, ga jama'ar rumfa za su watse bayan la'asar. Ban taɓa jin jikina ya zame mini kurkuku kamar a wannan lokaci ba. Har na fara matsawa bakin ruwan, surukina ya riƙe mini hannun riga, ya ce, "Baba, don Allah."

A nan ne na ji tambayar Kwamanda, "ina za ka sauka?", da muryarsa, kamar yana zaune a kujerar da ke kusa da tawa a jirgi. Na waiga. Dama da hagu gonakin hatsi ne, sun fid da kai. Can gaba kaɗan, a kan tudu, ga fako, daidai saitin rumfar.

Na ce a shimfiɗa mini tabarma a wurin. Na aiki mai fiton ya shaida wa ƙanen marigayin cewa ɗalibin Kwamanda ya zo daga Gazawa, ruwa ya tsare shi, yana zaune a kan fako. Na ce kada ya manta da fakon.

Ba a jima ba sai na ga rumfar ta motsa. Dattawa suka taso har bakin ruwa, wani gajere a gabansu, tafiyarsa irin ta yayansa. Ƙarar gulbi ba ta bar mu mun ji juna ba. Ya ɗaga hannuwa, na ɗaga nawa, masu jiran fito suka ɗaga nasu, muka shafa fatiha tare.

Kabarinsa ban gan shi ba. Ruwan ya janye tuni, amma ƙafar ta ƙara nauyi, 'yata kuma ta ce an yi na farko an yi na ƙarshe. Ina nan a kujerata a zaure. Allah Ya jiƙan Kwamanda, Ya sa ya sauka lafiya.