Dambun tafasa na surukata

Jiya jikata ta dawo daga kasuwar Gagarawa da leda shafal, tana ƙunƙuni wai yau ma tuwo. Na leƙa bayan katanga, ga tafasa ta tashi kore shar, sai surukata ta faɗo mini a rai. Inna nake ce mata.

Ita da gero ɗaya take sauya wa tukunya fuska. Yau dambu, gobe fate da yakuwa, jibi waina, in wake ya samu a jefa ɗanwake. Takan ce, "Talauci ya shigo mini gida, amma ban miƙa masa muciya ba."

Wata damina rumbunmu ya yi ƙasa tun gero bai yi kai ba. Babban ɗanta, yayan mijina, ya zo daga Maigatari zai ɗauke 'ya'yana biyu riƙo, wai abincin awaki muke ba su. Ni ina ɗaki ina jin sa. Inna ta tashi ta hura wuta. Ta turara dambun gero da tafasa, ta barbaɗa ƙuli da yaji, ta ɗiga man gyaɗa, ƙamshi ya kai har zaure. Ya ci, ya suɗe akushi.

Sannan ta ce, "Alhaji, a ƙaro wa akuya? Da ganyen nan na raine ka. Yaran nan ba inda za su."

Shi kaɗai ya koma tasha.

Allah Ya haskaka kabarinki, Inna. Mu da muka rage, ko kasuwa ta hau sama ta zauna, kada Ya nuna mana ranar da za mu ba da ɗa saboda tuwo.