Hannun Rigar Malam Kashim

Shekara tara Malam Kashim Abatcha ya yi a cibiyar koyon kwamfuta ta Alhaji Maikasuwa a Kazaure, kuma ba saurin hannu ne ya zaunar da shi ba. Kalma goma sha huɗu yake bugawa a minti, ni da muke aiki tare a wurin na taɓa ƙirgawa. Hannun rigarsa ne ya zaunar da shi.

Kwamfutocin wurin goma sha ɗaya ne, duk na hannu, Alhaji ya tsinto su nan da can. In an kunna, fuskar da ke fitowa a allo iri huɗu ce daban-daban. A wannan, wurin saita firinta yana sama ta dama. A waccan sai ka bi ƙofa biyar kafin ka same shi. Ita kanta manhajar rubutu ba ta san hanya ba: ka danna saiti a cikinta, a inji uku ta buɗe, a takwas ta yi gum. Malam Kashim kaɗai ya haddace hanyoyin.

Da sauti ya ɗauke ko firinta ta ƙi, sai a kira shi. Ya taso a hankali, ya ware hannun babbar rigarsa ya rufe allon ruf, ya yi danne-dannensa daga ciki. Daƙiƙa arba'in, ya sauke hannu, abu ya gyaru. A wuni ba a kasa kiransa sau ashirin.

Akwai wata ɗaliba, Batulu, da ake kawowa a babur daga Gwiwa sau uku a mako. Rannan ta ce, "Malam, don Allah a nuna mini inda ake shiga."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke? Iya riƙon linzamin kwamfuta tukuna, kin damƙe shi kamar muciya. Sussukar gero kika baro, can za ki koma."

Ɗalibai goma sha bakwai ne a ajin, duk suka kwashe da dariya. Ba ta sake zuwa ba.

Bayan shekara shida aka yi wa Malam Kashim rasuwa a Babura, ya tafi kwana uku. Firinta ta tsaya tun ranar farko. Mutum talatin da ɗaya suka juya da takardunsu ba a buga ba. Alhaji ya fusata, ya sa a nemo duk wanda ya iya. Batulu aka kawo, ta gama difloma a fannin kwamfuta.

Awa biyu da minti goma ta yi. Ta rubuta wata 'yar manhaja da ke fara duba irin fuskar injin, sannan ta buɗe wurin saitin da ya dace. Maɓalli ɗaya, kore, a gurbi ɗaya a duka goma sha ɗayan.

Ran da Malam Kashim ya dawo, ya ji wata ɗaliba, Ihsan, ta ce sauti ya ɗauke. Ya taso, ya ware hannun riga. Kafin ya iso ta danna koren.

"Ai an gama, Malam."

Ya tsaya hannu a sama. Alhaji daga bakin ƙofa ya ce, "Sauke, Malam, kada ya sage. Ashe shekara tara labule nake ciyarwa."

Aka yi dariya har da tafi. Alhaji ya ba shi zuwa Juma'a: ya koyi kula da sabon tsarin, ko ya ba da wuri.

Ranar Laraba ya samu Batulu ta dawo tana duba inji na bakwai. Ya rage murya.

"'Yata, ki yi wa Allah ki nuna mini yadda kika haɗa abin nan. Baki takwas ne a gidana."

"To, Malam. Matso."

Ya matso har da gyara tabarau. Sai ta ɗaga gefen hijabinta ta rufe allon ruf. Ana jin ƙarar maɓallai daga ciki. Ina duba agogo: daƙiƙa arba'in cif. Ta sauke.

"An gyara, Malam."

Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci ya miƙa wa Alhaji makullin cibiyar. Yanzu yana cajin waya a wata rumfa kusa da tashar Roni, da soket ashirin da huɗu. 'Yan acaɓa sun samu labari, Malam Labule suke kiransa. Tun yana zagi, yanzu amsawa yake yi.