Inna ta Yekuwa da Ordinatar Montaj

Aikina a ƙaramin gidan rediyonmu na Magariya shi ne montaj. In an ɗauko muryoyin mutane daga ƙauyuka, ni ke zama in yanke tari da kukan jaki da inda mai magana ya saki hanya, in harhaɗa abin da ya rage ya zama shiri. Na shigo aikin bayan na yaye ɗiyata ta biyu, kuma har yau ina cikinsa. Ɗakina ɗan ƙarami ne a bayan sutidiyo, tagarsa na kallon inuwar da masu kabu-kabu ke fakewa in rana ta take.

A ɗakin akwai ordinata, wato kwamfuta, irin ta tebur, akwatinta a ƙasa, ekran ɗin da ake kallo a sama. Na tarar da ita a gidan, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. Amma ba ta taɓa ba ni kunya ba. In na ce yanke, kafin in ɗage yatsa ta yanke. Shekaru tana zaune ba ruwanta da intanet, abin da aka zuba mata ranar da aka kawo ta shi take aiki da shi.

Wata kaka, bayan an gama ɗaurin hatsi an shiga roron wake, daraktanmu ya aike ni Yekuwa. Manoma suna ta kuka da ƙwarin da ke cinye musu wake a ajiya, shi kuma ya ji labarin wata tsohuwa a wani ƙauye can da wakenta ke kaiwa damina ba huda ko ɗaya. Na hau motar kasuwa, daga inda ta sauke ni wani mai amalanke ya ƙarasa da ni.

Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe toka. Ƴar gajera ce, busasshiya, idonta tar. Kowa a gidan Inna yake ce mata, ni ma na bi sahu. Da na nuna mata abin ɗaukar murya, ta kalle shi ta ce, "Wannan ɗan abin ne zai kwashe maganata? To ki gyara masa zama, ɗiyata, maganar da yawa."

Da yawa kuwa. Ta faɗi yadda take shanya waken sai ya yi ƙara a haƙori, yadda take haɗa shi da toka da rairayi mai laushi, ta sa ganyen dogon yaro, ta liƙe bakin tukunya da laka. A tsakani ta yi faɗa da akuya, ta aika a ɗebo ruwa rijiya, ta ba ni labarin surukarta da ta koya mata, ta dawo kan wake kamar ba ta taɓa barin sa ba. Harshenta sauri gare shi, ga ban dariya. Na komo gida ina murna, na san na samo shiri. Darakta ya saurari ɗan guntu a wayata ya yi dariya har da hawaye, nan take ya sa aka fara sanarwa: ranar kasuwa da la'asar, a saurari Inna ta Yekuwa.

A makon ne kuma ya cika wani burinsa. Ya daɗe yana son a haɗa gidan da intanet don mu riƙa karɓar labarai daga Damagaram ba sai an aiko da su a mota cikin kile, ɗan abin nan na ajiya da ake soka wa ordinata, ba. Aka zo aka ja waya har ɗakina, aka soka wa ordinata. Da na zo kashe ta da yamma, sai ta rubuto cewa tana mizajur, wato tana sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kada a cire mata wuta. Na bar ta na tafi, ina addu'ar kada a ɗauke kuran, wato lantarki.

Ba a ɗauke ba. Da safe na same ta ta gama, har fuskar ekran ta canza, ta yi kyau. Na sa kaske a kunne, na buɗe muryar Inna.

"Sai ki sha-sha-shanya shi... sai ya-ya... yi ƙa..."

Na cire kasken na duba wayarsa, na mayar. Haka dai. Inna mai harshe kamar ana zuba tsaba a kwano ta koma mai in'ina. Na gwada yanka, na danna, alamar jira ta yi ta juyawa. Fankar cikin akwatin kuwa sai gurnani take kamar injin niƙa. Na kashe na kunna, na sake kashewa na kunna. Abin da nake yi kafin shayi ya huce, ranar har azahar ban kai rabinsa ba, kuma wanda na yi ɗin ma ban yarda da shi ba, don ba na jin inda kalma ta ƙare balle in san inda zan yanke.

Darakta ya leƙo. Na miƙa masa kasken. Ya saurara, fuskarsa ta sauya.

"Malama, muryar ce ta lalace?"

"Murya lafiya lau take. Ga ta a wayata, ji. Ordinatar ce ta kasa."

"To jiya ba ƙalau take ba?"

"Jiya ba ta yi mizajur ba."

Shi ya kawo intanet ɗin, amma ni ban faɗa don in soke shi ba. Na ce bari in kira ƙanen mijina.

Ƙanen mijina mushe ne, wato malamin makaranta, yana koyar da lissafi a kwaleji, kuma duk gidan da ordinata ta yi gardama a unguwarmu shi ake nema. Tsakanina da shi wasa ne tun ranar da aka kawo ni gidansu. Ya iso bayan an tashi ɗalibai daga lakwal, alli har a gira.

"Matar yaya, me kika yi mata? Ko tuwo kika ba ta?"

"Tuwona ai kai kaɗai yake sa wa nauyin jiki. Zauna ka duba."

Ya zauna ya buɗe wani wuri da ban taɓa shiga ba, ya nuna mana wani zane da ya cika har sama. Ya ce wannan furosesa ce, ƴar ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin, wadda duk wani lissafi na ordinata ke bi ta kanta. Ga ta nan a cike maƙil, alhali ban sa ta komai ba.

"To aikin wa take yi?" in ji darakta.

"Aikin gidansu. Shekaru ba ta sabunta ba, jiya aka sauke mata kayan shekarun nan gaba ɗaya. Yanzu tana bin duk abin da kuka taɓa ajiyewa ɗaya bayan ɗaya, tana dubawa tana jerawa. Wannan zai wuce, ku bar ta a kunne kawai ta gama. Amma akwai wanda ba zai wuce ba."

Ya ce a cikin sabuntawar akwai wadda ta zo toshe wata kafa da aka gano a irin waɗannan furosesa, kafar da mugu zai iya bi ya leƙa abin da ke ciki. Toshewar ta sa dole ta riƙa tsayawa tana tantancewa a wuraren da a da wucewa kawai take yi. Sababbin ordinatoci ba su cika jin nauyin ba. Tsofaffi irin tawa su ke ji a jika.

Darakta ya ce, "A cire mata shi mana, ta koma yadda take."

"Ana iya cirewa, Darakta. Amma ni ba zan ba da shawarar haka ba. Da tana zaune ita kaɗai. Yanzu kun buɗe mata ƙofa, ga kuma kile na kowa da kowa ana soka mata. In abu ya shiga ya cinye muku muryoyin da kuka tara, ina za ku samo su?"

Na tuna muryoyin da ke cikin akwatin nan. Akwai tsofaffin da na ɗauka a Waca da Dungas waɗanda yanzu ba su duniya. Na ce a bar mata abinta.

Saura maganar shiri. Kasuwa jibi, an riga an yi sanarwa, kuma muryar da na ɗauko ba ta sakuwa haka nan ɗanya, rabinta akuya ce da guga. Fanka na ta gurnani. Can na ce, "Darakta, in ordinata ta kasa kawo Inna, me zai hana Inna ta kawo kanta?"

Ya kalle ni. "Za ta yarda?"

Na kira lambar ɗanta da na karɓo. Ya kai mata wayar, na yi mata bayani. Ta ce, "Wato injin naku ya gaji da surutuna? Ba shi ne na farko ba. Dama ina da daddawar da zan kai kasuwa. Ki ce musu ina tafe."

Ranar kasuwa Inna ta iso tun hantsi, ta sayar da daddawarta, ta ci abinci a gidana, ta yi sallar la'asar a ɗakin montaj kusa da akwatin da ke ta gurnani. Da ta sallame ta dafa shi, ta ji ɗumi, ta ce, "Wannan ai zazzaɓi yake." Muka shiga sutidiyo. Na sa mata kaske ta cire, ta ce yana ture mata ɗankwali. Na zauna gefenta ina tsoro, don ni na saba da gyara magana bayan an yi ta, ban saba da sakin ta kai tsaye ba.

Ashe ba abin tsoro. Da fitilar fara shiri ta kama, Inna ta yi sallama ta gaida mutanen ƙauyensu gida gida har sai da na taɓa mata gwiwa, sannan ta shiga wake. Ba akuya, ba rijiya, sai maganar ta miƙe sar. Da aka buɗe layi, wani mutum ya kira daga Waca ya ce shi ya gwada toka bara, ƙwari sun cinye masa wake tas.

Ta ce, "Ɗana, ka shanya shi ya bushe?"

"Na shanya, Inna."

"Ka ciza ka ji ya yi ƙara?"

"Ban ciza ba."

"To ƙwarin sun ciza maka."

Darakta da ke bayan gilashi ya duƙe yana riƙe ciki. Mutumin ma dariya yake ta waya, ya ce bana zai ciza. Wata mata ta kira daga ƙetaren iyaka tana tambayar ko rairayin gulbi zai yi, wani ya tambayi tokar kara ko ta itace. Lokacin shiri ya ƙare layi bai huta ba, darakta ya ɗaga hannu ya ce a ci gaba, aka ture waƙoƙin da ke biye. Da muka fito, masu kabu-kabun bakin taga sun taru suna son ganin ta. Ɗaya ya ɗauke ta har tasha, ya ce ba zai karɓi komai ba.

Ordinata kuwa, kamar yadda mushe ya faɗa, bayan ƴan kwanaki fankar ta yi shiru, in'inar ta tafi. Ya dawo ya sake dubawa, ya gano sabuntawar ta mayar da ita kan tsarin tsimin wuta, wanda ke rage wa furosesa gudu da gangan. Ya mayar da ita kan cikakken ƙarfi, ya kashe wasu tarkacen da ke tashi tare da ita ba gaira ba dalili. Ta farfaɗo sosai. Ba ta koma kamar da ba, in na haɗa dogon shiri sai na ɗan jira ta, amma aiki na tafiya. Da na yi masa ƙorafin ragowar, ya ce, "Matar yaya, ke ma da aka kawo ki da gudu kike ɗauko ruwa." Na jefe shi da murfin biro.

Wani abin mamaki, can cikin bazara wata sabuntawar ta zo, na karɓe ta da fargaba, sai na ga ordinatar ta ƙara sauƙi maimakon nauyi. Mushe ya ce haka abin yake, masu yin manhajar sukan dawo su gyara toshiyar da suka yi da gaggawa, ta rage cin ƙarfi. Tun daga nan na daina yi wa mizajur kallon abokin gaba. Abin da na koya kawai shi ne in zaɓa mata lokaci. Ba na barin ta ta sabunta in akwai shiri a gaba. Sai ranar Juma'a da safe, bayan na miƙa aikin mako, na kwafe muryoyina a wani wuri daban, sannan in ce mata bismilla.

Darakta ya mayar da la'asar ɗin ranar kasuwa filin baƙi kai tsaye, kuma ni ya ba wa. Makon jiya wani mai haƙar rijiya ne daga wajen Dungas. Wannan makon ina neman wata mata da aka ce ta iya gane irin gyaɗa mai kyau da ido kawai, an ce mini sai na bi ta wajen mijinta, shi kuma yana gona har yamma.