Saniyar Dattijon Janbako

Sana'ata rubutun allon shaguna ce a Talata Mafara, amma an fi nemana saboda zanen dabbobi. Masu maganin shanu da masu kaji da mahauta duk sun san rumfata. Wurin ƙanen mahaifina na koya, shi kuwa ya yi zamanin da ake zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci. Bai taɓa barina na kwafi hoton kalanda ba. Kara, wurin cinikin shanu, yake tura ni ranar kasuwa, in zauna in ga yadda sa ke ɗora nauyinsa a ƙafa, da yadda tozo ke kwantawa idan dabba ta rame.

Wata damina wani dattijo ya tsaya bakin rumfata yana kallon bijimin da nake zanawa. Mun daɗe muna gaisawa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Daga wajen Janbako yake. Ɓarayin daji sun kore masa shanu gaba ɗaya, yanzu yana zaune gidan surukinsa a Bakura. A cikin garken akwai wata saniya gudale fara da aka haifa a hannunsa, ita yake so in zana masa.

Na tambaye shi ko yana da hotonta a waya. Ya ce bai taɓa tunanin za a wayi gari yana neman hotonta ba.

Sai ya shiga kwatance. Gajeren ƙaho, na hagu ya ɗan sunkuya. Tabo a cinya inda kara ya soke ta tana 'yar maraƙa. Kunne ɗaya a tsage. Na sami falanki na shafe shi da shuɗin fenti, na ɗauki mako ina aiki. Da ya dawo ya duba, ya ce aiki ya yi kyau, amma wannan saniyar wani ce. Na goge wuyan na sake, na rage tozon. Talatar gaba ya ce an matso, saura ido.

"Ɗana, tawa ta san ni," in ji shi. "Wagga ba ta san kowa ba."

Na yi iya yina. Na ƙara fari a ƙwayar idon, na rage, na karkatar da kan kamar ta ji kira. Ni kaina na san ban kai ba, domin ban taɓa ganin yadda take dubansa ba. A ƙarshe ya sa mini albarka, ya naɗe falankin da buhu saboda ruwa, ya hau mota.

Bai sake zuwa ba. Bayan an cire amfanin gona ɗansa ya biyo ta rumfata, ya shaida mini tsohon ya rasu bayan gajeriyar jinya. Na yi masa ta'aziyya, sannan na tambayi zanen. Ya ce da farko mahaifinsa ya jingina shi kusa da shimfiɗarsa yana kallo, daga baya ya juya fuskarsa bango, kuma bai yarda kowa ya taɓa ba.

Na ce ko don bai yi kama da ita ba ne?

Ya ce wallahi bai sani ba, shi ma kamanninta sun fara ɓace masa.