Tsumma na Huɗu

Shekara talatin da biyar Malam Nu'uman ya yi a ɗakin ajiye fayil na wata ma'aikata a Katsina, kuma a duk tsawon lokacin nan ba a taɓa samunsa da laifin makara ba. Ba wai sammako yake yi ba. Littafin sa hannu ne a teburinsa yake zama. Ko da ƙarfe goma ya iso, zai zauna, ya gyara hula, ya rubuta bakwai da rabi a gurbin zuwa. Tun da alƙalami yana hannu, sai ya rubuta uku da rabi a gurbin tashi, don kada ya wahalar da kansa sau biyu. Ranar da ya yi ritaya aka karanta takardar yabo a gaban jama'a, aka ce bai taɓa makara ba. Ya saurara yana gyaɗa kai. Shi kansa ya gaskata, domin a rubuce yake.

Abu biyu ya fito da su daga aikin gwamnati: wannan imani da takarda, da kuma mota. Ya saye ta sabuwa a 1980, zamanin farar hular baya. Da soja suka daɗe a kan mulki, mai ya yi wuya, sai ya tura ta cikin rumfar kwano a ƙofar gidansa da ke Ƙofar 'Yandaka, ya ɗora ta kan duwatsu, ya lulluɓe ta da tsofaffin tabarmi. Kajin matarsa Hajo suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Duk wanda ya yi masa jaje, sai ya ce, "Hutu take yi. Ba korar ta aka yi ba."

Da aka buɗe siyasa a ƙarshen 1998, mutum biyu suka fito neman kansila a mazaɓarsu. Akwai Babaji, mai shagon yadi a Babbar Kasuwa, da Alhaji Mamman, dillalin hatsi, wanda duk garin aka san shi da wushirya mai faɗi. Malam Nu'uman bai nuna bambanci ba. Ran Litinin ya je gidan Babaji ya ce yana tare da shi. Ran Laraba ya je gidan Alhaji Mamman ya ce haka. Kowa ya ba shi rigar kamfe mai hotonsa a ƙirji. Ya ninke su biyun ya sa a akwati, ya jira sakamako. Da Babaji ya ci, tasa ta hau sama, ta Alhaji Mamman ta koma can ƙasa.

Saura mako biyu a rantsar da kansiloli, Babaji ya biyo ta ƙofar gidan, ya tsaya aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da zafi.

"Baba Malam," in ji shi, "zan kafa kwamitin dattawan unguwa, kuma ina neman sakatare. Akwai tebur, akwai tambari."

Malam Nu'uman ya gyara hula. Shekara biyu ke nan rabonsa da buga tambari a kan takarda, kuma babu abin da yake kewa kamarsa.

"Amma ran rantsarwa ina son ayari," Babaji ya ci gaba, yana kallon tabarmin da ke cikin rumfa. "Motar da ta bi bayan tawa tun daga gida har can, mai ita shi zai riƙe littafin kwamiti. Halan waccan tana numfashi?"

"Ranka ya daɗe, jiran farar hula take yi."

Washegari aka kori kaji, aka sauke mota, aka kira Almu bakanike daga garejinsa na Ƙofar Guga. Almu ya sa batir, ya ɗura mai a kafireta, mota ta tashi tana wani irin fito. Ya kanga kunne, ya shafa gefen injin, ya miƙe.

"Malam, manifol ya tsage. Ka ga wanga ƙarfe mai rassa huɗu? Shi ke karɓar mai da iska ya raba wa kowane ɗaki na injin rabonsa. Yanzu iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Sai an canza."

"Ashe ofishin rabo ne," in ji Malam Nu'uman. "To ai irin aikinmu ne."

"A turo ta gareji, yini ɗaya na gama."

Nan aka rabu. Motar da za ta bi bayan kansila, a gan ta ana turawa ta tsakiyar gari? Ban da haka, Malam Nu'uman ya daɗe da yarda cewa duk motar da ta shiga gareji sai ta fito da kayan wata. Ya ce a gida za a yi, kuma shi zai yi da hannunsa. Mutumin da ya riƙe fayil dubu huɗu, noti takwas ba za su gagare shi ba.

Almu ya yi dariya, ya ara masa sifana biyu, ya gaya masa inda zai sami manifol na hannu mai kyau. Har ya hau babur, ya juyo.

"Abu guda, Malam. In ka cire tsohon, za ka ga ramuka huɗu a jikin injin. Ka toshe su da tsumma kada wani abu ya faɗa. Amma kafin ka ɗaura sabon, ka cire. Huɗu ka sa, huɗu za ka cire. Ka ƙirga."

"Ni za ka koya wa ƙirga?"

Malam Nu'uman ya buɗe wa aikin fayil. Ya samo kwali, ya rubuta a bayansa da manyan baƙaƙe: Canjin Manifol. Kowane noti ya kwance, sai ya sa shi a ambulan, ya ba shi lamba. Kwana biyu ya yi yana kwancewa, rabin lokacin a rubutu ya tafi. Maƙwabta masu wucewa masallaci suna tsayawa su ce sannu da aiki, shi kuwa yana amsawa ba tare da ya ɗago ba, kamar yadda ya saba yi wa masu neman fayil.

Da ramukan huɗu suka bayyana, ya nemi tsumma. Hajo ta ce ba ta da wanda za ta bayar ya sha baƙin mai. Sai ya tuna ƙasan akwati. Ya ɗauko rigar Alhaji Mamman, ya tsaga ta huɗu, ya dunƙule, ya cusa kowane yanki a raminsa da yatsa har ya ɓace. A ransa ya ce ga shi ɗan takarar da ya faɗi ma ya sami abin yi.

Ana gobe rantsarwa ya zo ɗaura sabon. Ya rubuta jerin aikin ranar: cire tsumma na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. Tun da alƙalami yana hannu, sai ya bi su huɗun ya sa musu maki, alamar an gama, ya sa hannu a ƙasa. Sannan ya fara. Ya zaro na ɗaya, ya zaro na biyu, ya zaro na uku, ya jefa a kwano. Aka kira azahar. Ya wanke hannu ya tafi. Daga masallaci aka tsaya taɗin wanda zai sami me a sabuwar gwamnati. Da ya dawo, bai leƙa injin ba. Fayil ya buɗe. Maki huɗu, ga sa hannu. Ya ɗora manifol, ya ɗaure.

Da la'asar ya tayar da ita. Fito ya ɗauke, amma mota ta kama rawa tana tari, har madubi na karkarwa. Hajo ta leƙo daga zaure da kwano a hannu.

"Malam, tsumman nan da ka ce in zubar, uku na gani."

"Huɗu ne."

"To ni dai uku na ƙirga."

Ya ɗauko fayil ya buɗe mata. "Mi kika gani nan? Wanga sa hannun wa?"

"Naka ne."

"To. Ki bincika kajinki."

"Rawar nan fa?"

"Sabon ma'aikaci ne. Sai ya saba da ofis."

Hajo ta dubi kwano, ta dubi mota, ta koma ciki.

Ran rantsarwa ya sa babbar riga, ya shiga layi bayan motar Babaji. Mota tara ne, da babura da yawa, da makaɗa a bayan akori-kura. Aka tashi. Motar Malam Nu'uman tana tafiya kamar mai ɗingishi, tana tsaki ta salansa. Motar kansila ta yi nisa, ta tsaya ta jira, ta sake yin nisa. Na baya suka dame shi da oda. Daidai Ƙofar Guga ta yi wani dogon tari ta mutu. Ya murɗa makulli har batir ya gaji. Matasa suka sauko suka tura ta gefe, kuma ikon Allah, gefen nan bakin garejin Almu ne. Ayari ya wuce da kiɗa.

Almu ya fito yana goge hannu. "Malam, ai da ka faɗa mani da ayari za ka kawo ta, da na share wuri."

"Manifol ɗin da ka sa na saya ne ba shi da kyau."

Almu ya buɗe bonet. Ya haɗa wani batir, ya saurari injin, ya taɓa wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya. "Ɗaki uku ke aiki. Na huɗu bai samun komai. Tsumma nawa ka cire?"

Malam Nu'uman ya miƙa masa fayil. Almu ya ce shi bai iya karatun boko sosai ba, amma ya iya kwance noti. Abin da ya ci kwana biyu a gida, cikin awa ɗaya da 'yan mintuna ya gama. Malam Nu'uman yana zaune a benci yana lissafin cewa in ya bi ayari a dawowa, rabin alkawari ya cika, kuma rabi a aikin gwamnati ba abin rainawa ba ne.

Kiɗa ya dawo daidai lokacin da Almu ya ɗage manifol. Motar kansila ta tsaya. Babaji ya fito, sabon rantsattse, jama'a suka kewaye. Bayansa wani ya fito daga kujerar baya yana murmushi da wushirya. Alhaji Mamman ne. Da safen nan ya sauya sheƙa, a filin rantsarwa aka karɓe shi.

"Mi ya sami motar Baba Malam?" in ji Babaji.

Almu ya zura filaya cikin rami na huɗu, ya ja, ya sake ja. Wani baƙin dunƙule ya fito. Ya warware shi a kan bonet, ya shimfiɗa. Ido ɗaya, rabin hula, da haƙora biyu masu tazara a tsakani. Ba wanda ya buƙaci a gaya masa ko wane ne. Wani daga baya ya fara dariya, ta bazu har kan makaɗa.

Babaji ya dubi tsumman ya daɗe. "Ashe har rigarsu ka karɓa, Baba Malam? Ni ka ce mani tun farko kana tare da ni."

"Ranka ya daɗe, ai ka ga abin da na yi da ita."

"Na gani," in ji Alhaji Mamman, murmushin ya tafi. "Fuskata ce tsumman share mai. Ni ma ka ce kana tare da ni, ran Laraba, har fura ka sha."

Malam Nu'uman ya buɗe fayil, ya ɗaga shi sama don kowa ya gani. "Jama'a, a hukumance wanga tsumma ba ya cikin injin nan. An cire shi jiya. Ga sa hannu."

Tsofaffin abokan hamayyar suka dubi juna. Wannan ne abu na farko da suka yi ittifaƙi a kai tun da aka fara siyasa. Suka shiga mota ɗaya suka tafi. Kafin magariba labari ya iso Ƙofar 'Yandaka cewa littafin kwamiti da tambari an ba ƙanin Alhaji Mamman, wanda a bayan babur ya bi ayari.

Almu ya mayar da manifol. Mota ta tashi lafiya lau, ba rawa ba tari, ta kai mai ita gida cikin minti biyar. Har yau tana tafiya. Ita ke kai matan unguwa biki da suna, ita ke kai marasa lafiya asibiti, kuma ba a taɓa sake gayyatar ta ayari ba.

A yammacin ranar rantsarwar, Hajo ta kawo masa ruwa, ta ajiye kwanon tsumma uku kusa da ƙafarsa. Malam Nu'uman ya daɗe yana kallon fayil. Goge maki bai taso ba, domin an riga an sa hannu. Sai ya buɗe sabon shafi, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta: "An sami tsumma na biyar a cikin injin. Ba a san wanda ya sa shi ba. Ana bincike."

Ya sa hannu, ya rufe, ya ce wa Hajo ta rage yawan kajin nan.