Ramukan Ntate Mohlomi

Duk mai gadin da ya taɓa zuwa sabunta takardar riƙe bindiga a gidan harbin Oom Sarel, can bayan shagunan taya na Bloemfontein, ya san Ntate Mohlomi Tsoeu, wato Baba Mohlomi a yarensu. Gajere ne mai faɗin ƙirji, usur a wuya, abin toshe kunne a ka, kullum yana tsaye bayan masu harbi yana kallon yatsunsu. Shekara goma sha bakwai ke nan yana wannan tsayuwar. A nan ya yi furfura, a nan kunnensa na hagu ya yi nauyi.

Gidan yana da al'adarsa. In harsashi ya kuɓuce wa wani ya huda silin, sai a busa usur, kowa ya ajiye bindiga, a rubuta a littafin rahoto. Sannan mai tsaron layin harbin, irin su Mohlomi, ya hau tsani, ya zagaye ramin da jan fenti, ya sa haruffan sunansa a gefe. Oom Sarel, mai gidan, cewa yake mai harbi baƙo ne, gobe ba ya nan, amma ido na mai tsaro ne.

Abin tinƙahon Mohlomi a duniya shi ne sau uku kacal M.T. ya fito a silin nan. Ko shayi aka zauna sha bayan coci sai ya san yadda ya jawo zancen. Abin da ba ya jawowa shi ne ɗan gwangwanin da ke ƙasan jakar abincinsa, cike da farin ƙwaɓi irin na masu fenti. In rami ya zo babu idon mai gida, mai harbin ma ai ba ya son a rubuta shi. Sai Mohlomi ya jira a watse cin abincin rana, ya hau tsani, ya shafe da yatsa ɗaya. A ganinsa ba ƙarya ba ce, gyara ne.

Ana haka aka ɗauko sabuwar mai tsaron layi, Puleng Ramokhele, wadda ta yi gadi a mahaƙar zinariya a Welkom. Ita wannan ba ta san rufa-rufa ba. Wani ya juyo da bakin bindiga, ta rubuta. Fankar janye hayaƙi ta rage gudu, ta rubuta. Ran nan ita da kanta ta manta gilashin kare ido, ta zauna ta kai ƙarar kanta a littafi. Cikin shekara biyu P.R. ya fito sau tara a silin, ko a jikinta.

Mohlomi ya yi ta jiran ranar da za a sallame ta. Maimakon haka sai ya ga Oom Sarel yana jan kujera kusa da ita, suna buɗe littafin tare, har da dariya. Shi da ya yi shekara goma sha bakwai, ba a taɓa jan kujera kusa da shi ba. Kyashi ya kama shi, irin wanda ke hana tuwo wucewa. Takunta ma haushi yake ba shi. Da aka ce ƙarshen wata za a naɗa shugaban masu tsaron layi, mai riƙe makullin ɗakin bindigogi, sai ya daina barcin kirki.

"Ausi Puleng, bironki bai ƙare ba?" in ji shi wata safiya. "Ko in sayo miki kwali guda?"

"Sayo biyu, Ntate. Naka ai tun da na zo ban ga an cire masa hula ba."

Masu gadin da ke jira suka kwashe da dariya. Ya yi yaƙe, maganar kuwa ta bi shi har gida.

Ran Laraba, a layi na huɗu, wani mai gadi dogo yana zare bindiga da yatsa a kan kunama, sai ji aka yi tau, ƙura ta zubo daga sama. Su biyu ne kaɗai a ɗakin. Mutumin ya haɗa hannu yana roƙo. "Ntate, ka rufa mini asiri, in aka rubuta aikina ya tafi." Mohlomi ya sa masa hannu a takarda ya sallame shi, ya hau tsani ya shafe ramin.

Yana saukowa wani tunani ya zo masa, mai daɗi kuma mai ƙazanta. Da yamma Puleng ce za ta karɓi layin. Ya koma sama da ƙusa, ya tono ƙwaɓin tun bai bushe ba, ya bar ramin a buɗe. Rami a lokacin aikinta, babu usur, babu sunan mai harbi. Bari a ga yadda sarauniyar littafi za ta yi da wannan.

Washegari ya iske jan da'ira a layi na huɗu, da P.R. a gefe. A littafi ta rubuta cewa ta ga rami, ba ta ji harbinsa ba, ba ta san wanda ya yi ba, laifin idonta ne. Oom Sarel ya karanta, ya dafa kafaɗarta a gaban kowa. Mohlomi ya ji kamar ya haɗiyi zuciya.

Ƙarshen wata mai gidan ya kira shi ofis, ya zuba masa shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Mohlomi, Puleng zan ba makullin. Kai mutumin kirki ne, amma shafinka ba ya faɗa mini komai. Rami uku a shekara goma sha bakwai? Ni da na gina wurin nan na yi biyar. Ita in na buɗe nata, na san abin da ke faruwa a gidana."

Ya fito bai sha shayin ba. A bakin ƙofar ɗakin harbi ya iske ta, makullin yana reto a ƙugunta. Ya so ya wuce, ta tare shi, ta yi ƙasa da murya.

"Ntate, akwai farin abu a bakin ramin nan, har da shatin yatsa. Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Sunan mai harbin kawai nake so. In irin masu gadin makaranta ne, yanzu haka yana tsaye cikin yara da yatsan nan nasa."

Mohlomi ya san inda dogon yake aiki, a takardar da ya sa wa hannu ya gani. Makarantar firamare ce a Rocklands, layi biyu daga gidan 'yarsa.

Ya raɓa ta gefenta ya wuce. Ya shiga ya buɗe littafin, ya cire wa bironsa hula, ya rubuta sunan mutumin da ranar. Sannan ya ɗauki ƙusa da jan fenti ya jawo tsani. Ba sai ya nema ba, ya san wurin kowanne. Ya tono na layi na biyu, ya tono na bakin fanka, ya tono wanda ya shafe shekarar da aka haifi jikarsa. Goma sha ɗaya, kowanne ya zagaye shi da ja ya sa M.T. A layi na huɗu ya goge P.R. ya sa nasa.

Kyashin bai tafi ko'ina ba, kada a yi masa ƙarya. Haruffansa sun karkace, nata kuwa ga su nan reras a gefe, har wannan ma ta fi shi. Da ya duba ƙasa zai sauko, sai ya ga tun ɗazu ita ce ke riƙe masa tsanin.