Ɗan'azumi da Faifan Bulus

Ɗan'azumi direban bas ne a unguwar Kudai a ƙasa mai tsarki, haifaffen unguwar Tandabawi, jikan Sakkwatawan da suka zo Hajji suka zauna. Bai san Turanci ba, amma tunda ya tsinci garmaho da kwalin tsofaffin faifai a kasuwar gwanjo ta Jidda, ya kamu da son waƙoƙin baƙaƙen Amurka na da, waɗanda mai kayan ya ce ana kira bulus. Shi ya ɗauka sunan mutum ne. In mawaƙi ya ja murya ya kai ƙarshe, sai ya girgiza kai ya ce, "Allah ya saka wa Bulus, ya bar baya mai kyau."

Kamfanonin da suka buga faifan kuwa da tambarinsu ya san su: akwai Mai Zakara, akwai Mai Jirgin Ƙasa. A ganinsa Mai Zakara na ciyar da mawaƙansa, shi ya sa muryarsu ta cika. Mai Jirgin Ƙasa da yunwa yake barin nasa, amma kukansu ya fi daɗi. Maƙwabcinsa Abdulwasi'u tela ya taɓa cewa duk ɗaya ne, sai da liman ya shiga tsakani kafin suka koma gaisawa.

Wata shekara yana jigilar alhazai zuwa Mina, ya manta faifan da ya fi so a gaban bas. Rana ta gasa shi ya lanƙwashe kamar faranti. Da ya ɗora shi a gida, murya ta rinƙa hawa tana sauka, jita na rawar sanyi.

"Ummu Manar!" ya kira matarsa. "Zazzaɓi ya kama bawan Allah."

Ya kwashe naman layya daga firij, ya naɗe faifan a tawul ya kwantar da shi ciki.

"Abu Manar, naman fa?"

"Halas, shi ke nan, a raba wa maƙwabta. Mara lafiya ya fi bukata."

Mako guda ba mai buɗe firij, a gidan ana shan ruwan ɗumi, yara na tafiya da sanɗa. Da aka fito da shi, muryar na nan yadda take. Ɗan'azumi ya saurara har ƙarshe, ya share hawaye, ya ce tsufa ne, ba shi da magani. Ya sa wa faifan matashi a falo, kuma har yau duk baƙon da ya shigo sai ya fara yi masa sannu da jiki kafin a ba shi shayi.